Gicciyen Fada Gherasim

Smaranda ta yi furfura tana roƙon a sayo wa cibiyarsu ta bincike wannan ƙaton maganaɗisu. Da ya iso birnin Iasi aka kafa shi, aka cika cikinsa da ruwan hiliyam mai sanyin tsiya, aka ce mata kada ta kuskura ya mutu: in ruwan nan ya tsere, sai dai ta yi ritaya tana jiran wani.

Sai Darakta Lupascu ya ce ba za a fara aiki ba sai an yi wa ɗakin albarka. A garin nan ko sabuwar mota sai Fada, limamin coci, ya yayyafa mata ruwa, balle wannan.

"Ranka ya daɗe, a yi addu'ar daga baranda mana," in ji ta. "Abin nan ba ya barci, ba ya kuma jin addu'a."

"Haba Malama, ke kullum sai kin ɓata wa mutane biki. Fada ne ya yi mini baftisma, in tsayar da shi a waje kamar mai tallan kabeji?"

Ta tsaya a ƙofa da faranti tana karɓar wayoyi da makullai, har abin ɗaure gashin sakatariya. Sai ga Fada Gherasim, tsoho tukuf, da kwanon ruwan tsarki da damin ɗoɗɗoya. Ta sumbaci hannunsa.

"Fada, akwai ƙarfe a jikinku?"

"'Yata, ko haƙori ba ni da shi, ina ni ina ƙarfe?"

Kowa ya kwashe da dariya. Kwanon na tagulla ne, maganaɗisu ba ya jansa, ta gwada. Amma wace mace ce za ta laluba rigar limamin coci a gaban jama'a? Ta kauce.

Ya yi ta rera addu'a yana matsawa, ya tsallake jan layin da ta zana a ƙasa. Sannan ya zura hannu a ƙirji ya zaro gicciyen cocin ƙauyensu, ƙirar maƙeri, wanda a wurinsa ba ƙarfe ba ne, gicciye ne.

"Fada, sake shi!"

Bai sake ba. Injin ya fizge gicciyen da tsohon gaba ɗaya, ya danne masa yatsu a bakin ramin da ke tsakiyarsa. Ƙarti huɗu suka ja, ko gezau. Jini ya biyo hannun rigar, tsohon yana kiran Uwar Allah da muryar da ba ta fita.

"Malama, ki yi wani abu!" in ji Darakta, kamar ba shi ba.

Abu ɗaya ne kawai ya rage, kuma ta tsane su duka da suka bar mata shi. Ta ɗaga murfin jan maɓallin da ke kashe maganaɗisun ta danna. Hiliyam ya yi ƙugi ya bi bututu, gicciyen ya faɗi ƙasa.

Suka rufu a kan Fada suna godiya ga Allah da wannan mu'ujiza. Smaranda ta leƙa taga, tana kallon farin tururin yana watsewa a saman rufin, ba wanda ya tuna tana ɗakin.