Taɓon Bokiti

Duk wanda ya taɓa sayen mota ƙirar Ɓauna a hannun Alhaji Labaran ya san ƙa'idar. Ba a ba ka makulli a ofis. Sai ka zauna a gefensa, ya ja motar daga ma'aikatarsa ta Challawa ya gangara kogi, ya afka yashi da ruwa, ya ɓulla ɗaya gaɓar, ya dawo da kai. Wadda ta tsallaka ba a wanke ta. Haka za ka kai ta garinku da taɓonta, kowa ya gani ya san Alhaji ya gwada. Wadda ta kafe kuwa ta koma wurin masu walda, ko mai saye zai yi kuka.

Mummunar mota ce, ba gardama. Doguwar ƙafa, kujera kamar benci, ƙara kamar injin niƙa. Amma mutanen fadamar Jigawa da masu shiga Nijar ba kyau suke saya ba.

Da ciwon gwiwa ya ci ƙarfinsa, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa, sai ya sayar da ma'aikatar ga wani kamfani na Legas mai yin komai, daga sabulu har katifa. Suka ce suna zai zauna, shi ma uba ne. Suka kawo manaja, Anwar, mai ladabi, ba ya gaishe shi sai ya rusuna.

Ranar ƙaddamar da sabuwar Ɓauna aka ɗauko Alhaji daga Ɗorayi. Ya tarar an shimfiɗa tayil a inda ake walda. Motar kuwa a kwantena ta zo, a nan taya kawai aka ɗaura mata, aka manna kan ɓauna a goshi. Ga sheƙi, ga sanyi, ciki kamar zai shafi ƙasa. Ma'aikata biyu na watsa mata taɓo daga bokiti, mai ɗaukar hoto na cewa a ƙara a ƙofa, kada a rufe tambari.

"Anwar, wannan fa?"

"Taɓon Challawa ne, Baba, na gaske. Da safe na sa aka ɗebo. Ai ba za mu yar da al'adarku ba."

"A bokiti?"

"Masu inshora ba su yarda da kogi ba. Kuma yawancin masu sayenta yanzu daga gida ne sai ofis. So suke su ji za su iya shiga daji, ba wai su shiga ba."

Aka tsayar da Alhaji jikin mota, aka ce ya dafa, ya dafa. Aka ce murmushi, ya yi, don ba a saba masa da ɓata taron mutane ba.

Ana cikin rabon lemo sai ga Tijjani, direba daga Guri, wanda Ɓaunarsa ta tsufa. Mutanen garinsu ne suka aiko shi ya sayo wadda za ta riƙa fitar da marasa lafiya idan damina ta yanke hanya. Ya durƙusa.

"Ranku ya daɗe, na ga taɓo. Kun tsallaka da ita ke nan?"

Anwar ya matso. "Baba, a bar wannan sai an tashi."

Alhaji ya dubi Tijjani. Mutumin nan ba injin ya duba ba, ba takarda ya tambaya ba. Bakinsa yake jira. In ya gyaɗa kai, wata mai naƙuda za ta kwana a tsakiyar fadama da sunansa.

"Ban tsallaka ba," ya ce, da murya har wajen ƙofa. "Wannan ko kwatar Ɗorayi ba ta tsallakawa. Je ka gyara tsohuwarka, Tijjani. Taɓon nan shafa mata aka yi kamar lalle."

Wasu suka yi dariya, aka ƙara sautin kiɗa.

Mako bai zagayo ba talla ta fito a waya da allunan titi. Ga Alhaji da murmushinsa, hannu a kan taɓo, an rubuta a ƙasa: Alhaji ya gwada. Alhaji ya kira Anwar. Anwar ya gaishe shi, ya tambayi gwiwa, sannan ya ce suna da hoto duk suna cikin abin da aka saya.

To, bakin Alhaji dai ba ya cikin cinikin. Tun daga ranar kullum da hantsi ake ajiye masa kujera a tsallaken titi, daidai ƙofar ma'aikata. Mai takalmi mai sheƙi ya shiga abinsa, Allah ya ba da sa'a. Amma wanda ya zo da ƙurar ƙauye a ƙafa, sai ya yafito shi ya gaya masa gaskiyar motar.

Ran nan Sani mai gadi, wanda Alhaji ne ya ɗauke shi aiki, ya tsallako yana sosa ƙeya.

"Alhaji, an ce in tashe ku."

"To bismilla, tashe ni."

Sani ya waiga ofis, ya rage murya. "Ga wasu can sun sauka a adaidaita. Da gani mutanen Haɗeja ne."

"Kama ni in miƙe in tare su," in ji Alhaji.