Kujerar Mai Agogo

"Ka ɗauki kujerar, ka haɗa da kyanwar," in ji Mai Agogo. "Ba a raba su."

Na dubi kujerar. Ta katako ce mai hannu, matashinta na fata ya lotsa daidai zaman mutum. Shekara ashirin bango ɗaya ya raba mu, kuma ya san tun tuni idona yana kanta. Ni tsohon direban babbar mota ne, ban yi boko ba, amma ba a cika yi min wayo a ciniki ba. Na ce a raina, kyanwa dai ba a ɗaure ta. Kwana biyu za ta kama gabanta, kujera ta zauna. Na miƙa masa hannu. Nasa ba nauyi ko kaɗan.

Tun da ciwo ya kwantar da shi, kyanwar, Toka, ta rikice. Masu dubiya na shige da fice, ana jan gado, ana wanke ɗaki da maganin asibiti. Ta daina cin abinci, ta yayyage labule, ta koma fitsari a kan jakar 'yarsa. 'Yar ta baro aiki da yara a wani gari ta zo jinya, ta gaji har faɗa ma ba ta iyawa. Ta gaya min a bakin ƙofa cewa ranar da komai ya ƙare, kwali za ta sa Toka ta kai bayan kasuwa ta saki. Ban ga laifinta ba.

Ashe Mai Agogo ya ji. Ya aike ni wurin likitan dabbobi, na dawo da 'yar kwalba da ake maƙalawa a soket ɗin lantarki. Likitan ya ce in kyanwa ta goga kumatunta a ƙafar tebur, wani ƙamshi take bari da mu ba ma ji, mai gaya mata nan gida ne. Shi aka kwaikwaya a kwalbar. Na sunsuna, ban ji komai ba. Na ce wa Mai Agogo iska aka sayar masa.

"Shekara talatin kana shaƙar hayaƙin mota," ya ce, "wane hanci ya rage maka?"

Ba a ɗakinsa ya ce a maƙala ba, a nawa. Kowace safiya kuma sai ya ɗauki tsumman goge gilashin agogo, ya shafa a kumatun Toka a hankali, ya ba ni in je in goga a ƙofata da ƙafafun tebur, daidai tsayin kyanwa. Uwar yara ta same ni durƙushe ina shafa wa ƙafar gado tsumma. Ta ce dama ta san tsufa zai zo min, ba ta dai zaci ta nan zai ɓullo ba. Ta ƙara da cewa ranar da kyanwar ta jiƙa mata shimfiɗa, ni da Toka za mu koma waje. Gwiwoyina suna ƙara, amma na riga na ba da hannu.

Mai Agogo ya cika ranar Talata da hantsi, 'yarsa tana wanke masa kofi. Muka kai shi muka dawo. Agogunan bangonsa suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya, ba mai wana su.

Rana ta uku na ɗauko kujerata. Toka na ƙarƙashin gadon da ba kowa, ban kira ta ba. Ƙofa kawai na bari a buɗe, shi ma don zafi. Can da yamma sai ga ta. Ta sunsuna bakin ƙofa, ta goga kumatu, ta wuce ƙafar tebur ta goga, ta yi tsalle ta hau kujerar ta naɗe.

'Yar ta leƙo da kwali a hannu.

"Baba, in ɗauke ta?"

"Bar ta, 'yata. Ciniki ne."

Ta daɗe a tsaye. Daga baya na ga takalman mahaifinta ta zuba a kwalin.

Wata huɗu ke nan. Kwalba ta ƙare, na sayo wata da kaina. Shimfiɗar uwar yara a bushe take, har ita ke ajiye wa Toka ruwa in ta ga ba na kallo. Sau ɗaya na gwada zama a kujerar, Toka ta tsaya a gabana tana kallona har na tashi.

Toka ta ci riba. Mai Agogo ma ya ci, daga inda yake kwance. Ni kuwa ga ni a benci, bayana yana ciwo, ita tana barci a lotsawar da ya bari.