Hasken da Fiddausi Ta Yi

Inna ce ta fara lura cewa surukarta Fiddausi ta yi haske. Bayan ta gama wankan jego ne, lokacin da mijinta Isa ke wuni a fadamar Danchadi yana ban ruwan albasa. Baƙa ce mai sheƙi aka kawo ta daga Kajiji, ga shi yanzu fuskarta ta yi fayau.

Inna ba ta tambaye ta ba, sai dai ta riƙa bin ta da ido. In ta daɗe a ɗaki ƙofa a saye, Inna ta ce shafe-shafe take yi. In ta ƙi fitowa daka da hantsi, ta ce ai masu wannan man ba su son rana. Ta gaya wa ɗanta cewa ranar da ta ga kwalbar bilicin a gidan nan, yarinyar za ta koma gidansu. Isa bai musa ba, don ya tuna wata mai tallan kayan shafa daga Shagari ta taɓa shiga ɗakin.

Wata rana Fiddausi ta leƙa barka maƙwabta, uwa da ɗa suka shiga ɗakinta. Suka ɗaga katifa, suka buɗe kwanonin jere, Inna ta shinshina man kaɗanya. Ba su sami komai ba. Inna ta ce ashe yarinyar ta iya ɓoyo.

Ran Asabar Shatu ta zo gaisuwa. Yayar Isa ce, tana koyarwa a firamare a Bodinga. Inna ta ja ta bayan rumbu.

"Ke da kin ka yi boko, mi a bilicin ɗin nan? In san abin da nika biɗa."

Shatu ta zauna ta yi mata bayani a hankali. Ta ce tsohuwar kalmar Turanci ce, ma'anarta mayar da abu fari. Da can a kan tufa ake faɗinta, a wanke yadi a shanya a rana har ya yi fari. Daga baya sunan ya koma kan ruwan da ake zubawa a wanki, sannan ya kai kan man fata. Ta ƙara da cewa man yakan bar shaida, gaɓoɓin yatsu su yi duhu.

Sai Shatu ta kira Fiddausi ta riƙe hannunta. Yatsun launinsu ɗaya, amma tafin fari fat. Ta ja fatar idonta ƙasa, cikin ma fari. Da ta matsa da tambaya, Fiddausi ta ce jiri take ji in ta tashi daga murhu, shi ya sa take kwanciya. Ta yi shiru ne kada a ce raguwa ce.

A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa sosai tun haihuwa, aka ba ta magani.

Da suka dawo, Fiddausi ta durƙusa gaban Inna.

"Inna, na san an buɗe kwanonina. Ba haka nika aza murfin babbar samira ba."

Inna ta dubi ƙasa. Fiddausi ta nemi izinin zuwa Kajiji ta yi jinya wurin mahaifiyarta, kuma ba wanda ya iya hana ta.

Isa ya fito da babur, ya tambaye ta yaushe zai je ɗauko ta. Ta gyara goyonta, ta ce za ta aiko.