Ƙwan Fitilar Ɗakin Rijiya

Ranar Asabar ɗin da 'yarta Karin za ta zo daga birnin Duluth, Aili Rautio ta murɗa famfon kicin don ta ɗora kofi. Famfo ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Ta tsaya riƙe da buta. Shekararta hamsin da ɗaya a gidan nan ruwa bai taɓa daskarewa ba, sai a wannan hunturun, na farko da mijinta Toivo yake kwance a maƙabarta. Ga shi da bakinta ta yi wa 'yar tata alkawari a watan Satumba: in ruwa ya daskare ko sau ɗaya, za ta tattara ta koma ɗakin da Karin ta nema mata a birni, hawa na huɗu, inda taga ke kallon wurin ajiye motoci.

"Verna," ta ce, "taso ki ga abin kunya."

Verna ƙanwar Toivo ce, ta zo taya ta zama na mako guda. Ta kara kunne a bakin famfo kamar likita.

"Ya cika. Allah ya jiƙansa. Fara naɗe labulayenki, matar birni."

"Rufe min baki, tsohuwar banza. Miƙo takardar yayanki."

Takardar tana manne a bayan ƙofar kabad, da rubutun Toivo mai kama da sawun kaza. Aili tana karantawa, Verna tana amsawa kamar a coci. An cire tiyon lambu? An cire. An jera dammunan ciyawa a bangon arewa? An jera, bayan Verna ne shaida. An bar kabad ɗin ƙarƙashin famfo a buɗe? Ga shi nan hangame. Layin ƙarshe ya ce a kunna fitilar ɗakin rijiya ranar ɗaya ga Nuwamba, kar a kashe sai Afrilu. Suka leƙa ta taga. Can bayan itacen wuta, haske na fitowa ta tsagar ƙofar ɗan ɗakin da injin jan ruwa yake.

"Da kin bar famfo yana ɗiga kamar kowa," in ji Verna.

"Maƙwabtanmu su Hakala sun bar nasu yana ɗiga bara. Ɗigon ya daskare a magudana, suka shekara suna zuwa bayan gidan maƙwabta. Ɗauko takalminki."

Sanyi ya kama musu gashin hanci tun daga bakin ƙofa. A ɗakin rijiya Aili ta cire safar hannu za ta laluba bututu, sai bayan hannunta ya gogi ƙwan fitilar. Ta dawo ta damƙe shi da tafi. Yana haske fes, amma sanyi ƙalau, kamar ƙwan kaza daga firji.

Nan ta tuna Karin a kan tsani a watan Yuli, tana bin gida lungu-lungu da kwalin ƙwayayen fitila tana canzawa. "Mama, waɗannan sababbi ne, ba sa shan wuta. Ko zafi ba sa yi."

Dariya ta kama Aili har ta zauna a kan murfin rijiya.

"Ko zafi ba sa yi," ta ce da ƙyar. "Verna, yarinyar nan mai digiri biyu ta ɗauka ubanta karatu yake zuwa yi a nan."

Verna ta taɓa ƙwan, ita ma ta fashe, hawayenta na daskarewa a kumatu.

Ƙarfe tara ke nan, Karin kuma sai sha biyu. Suka hura wutar sauna, ɗakin wankan tururi, kamar za a yi wankan Kirsimeti. Da duwatsun murhun suka yi jajir, suka kwashe su da shebur a bokitin ƙarfe, suka zura sanda a mariƙi, kowace ta kama gefe. A sawu na biyu Verna ta zame ta zauna daɓas, dutse ɗaya ya fice ya nutse cikin dusar ƙanƙara yana huci.

"Ga shi can ya tafi neman Toivo," in ji ta, ƙafafu a sama.

Suka jera bokitai uku a gindin bututu, suka rataya bargo a ƙofa. A zauren sauna Aili ta ci karo da kwalin da ta shekara goma tana yi wa mijinta tsiya a kansa: tsofaffin ƙwayayen fitila sittin da ya saye ya ɓoye da ya ji za a daina sayar da su, ba a taɓa ko ɗaya ba. Verna ta zaro ɗaya za ta je ta ɗaura.

"Bari tukuna," in ji Aili. "Sabon da ke ɗaure can shaidata ce."

Karin ta iso da rabin awa kafin lokaci. Ta tarar da tururi na fita daga ɗakin rijiya, ga tsofaffi biyu da gawayi a fuska suna zaune a dokin ƙofa. Daidai nan famfon kicin da suka bari a buɗe ya yi gyatsa, ya yi tari, ruwa ya ɓarke har ana ji daga tsakar gida.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Tambayi uwarki. Ni 'yar dako ce."

"Ya daskare ke nan, Mama."

"Ya daskare."

"Mun fa yi magana."

"Mun yi. Cire safarki ki taɓa min ƙwan can."

Karin ta shiga ta taɓa. Ta daɗe tsaye, hannunta a sama. Da ta juyo, kunnuwanta sun yi ja, kuma ba sanyi ba ne.

"Ai ba wanda ya gaya min don ɗumi Baba yake kunna shi."

"Ba ki tambaya ba, 'yar nan. Hau bokitin can."

Karin ta kife bokiti ta hau, ta cire sabon ta ɗaura tsohon. Kafin ta gama murɗawa ya ƙona mata yatsu, ta sauko tana yarfe hannu, Verna na tafa mata.

Aili ta rungumi kwalin a ƙirji ta nufi kicin.

"Ɗaya nake ƙonawa a shekara, saura hamsin da tara. Ki ce wa masu ɗakin birni su jira su ƙare. Zo ki sha kofi."