Rabin Hoton Lalta Mahato

Bechan ya sha gaya mini cewa duk birnin Banaras na Indiya babu mai hoton da ya kai shi dacen abokan ciniki: nasa ba sa ƙifta ido, ba sa motsi, kuma babu wanda ya taɓa dawowa ya ce an fito masa da ƙaton hanci. Gawa yake ɗauka a bakin Kogin Ganga, a ɗan tsakanin nan bayan an tsoma mamaci a ruwa kafin a ɗora shi kan itace a ƙona. Ba shi da shago, ba shi da ubangida. Yakan tsaya a kan matakala da kyamara a wuya, yana duba fuskokin masu ɗauke da makara don ya gane waɗanda suka zo daga ƙauye, domin su ne mamacinsu bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ni nake wanke masa fim. Kimiyyar sinadarai na karanta a jami'a, ga kuma inda ta sauke ni: wani ɗan ɗaki mai duhu a bayan shagon mai shayi, ina jiƙa matattu a faranti.

Kyamararsa ɗaya ce, tsohuwa 'yar Rasha, mai nauyin dutsen niƙa, wadda ya saya a hannun wani Bature da gudawa ta kora gida. Toka ta shiga ta, hayaƙin man shanu ya kwanta mata a ido, maɗaurinta ya tsinke ya musanya shi da mazugin wando. Duk ta jure. Damina ce kaɗai take kayar da ita. Funfuna takan tsiro cikin gilashin idon kamar saƙar gizo-gizo, sai matattun Bechan su riƙa fitowa kamar ana hangensu ta cikin tururi. Akwai dangin da suke son hakan, suna cewa alama ce ran ya sami salama. Bechan dai ba ya so. Maganin da ya sani shi ne ya kwance idon, ya buɗe bayan kyamarar, ya ajiye ta a kabad ƙarƙashin ƙwan lantarki ta bushe, in an yi sa'a akwai wuta.

A haka matarsa Kalawati ta same ta da safiyar Bishwakarma, ranar da kowane mai sana'a yake wanke kayan aikinsa, ya yi musu ado da furanni, ya bar su su huta. Ta jera keken ɗinkinta da keken hawan mijinta da kyamarar a tsakar gida, ta tsoma ganyen mangwaro cikin ruwan Ganga ta yayyafa musu. Kyamara ta fi samun rabo, tunda ita ke ciyar da gidan. Sannan ta kwaɓa garin itacen sandal mai ƙamshi, ta nemi inda goshin abin yake ba ta gani ba. Da ta leƙa cikin da ke buɗe sai ta ga wani ɗan baƙin ƙyalle a miƙe, sumul, ta danna masa babban yatsa. Wannan ƙyallen shi ne labulen da ke zugewa ya koma cikin ƙiftawar ido, ya bar haske ya faɗa kan fim. In ka cire shi, abin da ya rage gwangwani ne.

"Me kika yi mata?" in ji Bechan da ya fito daga wanka.

"Albarka na sa mata, baban Munni. Duk shekara tana yawo cikin gawa, ko sau ɗaya ba a ce mata sannu ba."

"A cikinta? Wa ya ce a ciki ake sawa?"

"Kai ka bar ta baki buɗe kamar mai jiran a ba ta."

Ya goge da gefen rigarsa, ya ɗaura idon, ya kai ta kunne ya danna. Ta yi ƙarar da ta saba yi. Bechan mutum ne da ya yarda da kunnensa, shi ya sa bai ɗaga ta ga haske ya duba ba. Ya zura fim ya rataya ta.

"Ajiye ta," in ji Kalawati. "Yau kayan aiki ba sa fita."

"Je ki gaya wa matattu yau hutu."

Kogi ya cika a lokacin, ya shanye matakalun ƙasa, ana ƙona gawa a kan dandamalin sama, wuta kusa da wuta, hayaƙi ba ya samun hanyar tashi. Sauran masu hoto duk suna gida suna yi wa kyamarorinsu turare. Nan wani saurayi ya tare shi, an aske masa kai ƙwal, yana ɗaure da farin ƙyalle irin na ɗan da zai sa wa ubansa wuta.

"Bhaiya, yayana, kai ne mai hoto?"

"A'a, wannan tulu ne na rataya."

Saurayin bai yi dariya ba. Sunansa Jokhu, daga wani ƙauye can kusa da iyakar Nepal. Ubansa, Lalta Mahato, ya tafi aikin masaƙa a Kanpur tun Jokhu yana kiwon awaki, bai sake waiwayar gida ba. Da labari ya zo cewa tari ya kwantar da shi, uwar ta tura ɗan ta ce, je ka kawo mini shi. Ya ɗauko shi a jirgin ƙasa tare da wani kawunsa, Sukhdeo, da ke aiki a masaƙar. Tsohon ya cika a hanya, kafin jirgi ya haye gadar shiga Banaras. Kowa a taragon ya ce ya yi dace, don wanda aka ƙona a Banaras ya huta da sake dawowa duniya. Ba kuma yadda za a yi a kai gawa ƙauye cikin wannan zafi da ruwa.

"Amma na can tana share ɗaki," in ji Jokhu. Amma yake kiran uwarsa. "Ta ce in kawo mata shi. In ban kai shi ba, in kai fuskarsa. Bai taɓa yin hoto ba."

Bechan ya san aikinsa. Ya sa aka yaye ƙyallen daga fuskar, ya gyara furannin, ya ce wa Jokhu ya sunkuya ya tallafi haɓar don kada baki ya saki. Kawu ya tsaya a baya ya ƙame kamar soja. Bechan ya juya kyamarar a tsaye don masu rai su shiga daga sama, mamaci daga ƙasa, ya danna, ya sake dannawa, ya ƙara ta uku don kada a ce. Duk ta yi ƙarar da ta saba yi. Ya ce su zo gobe da safe bayan shagon mai shayi. Masu kula da wuta suna ta yi masa tsawa ya matsa, akwai layi.

Da la'asar ya kawo mini fim ɗin. Na wanke, na ɗaga shi ga jan ƙwai, sai na ga kowane hoto rabinsa fayau yake, babu komai. Na buga ɗaya a takarda don kada ya ce idona ne. Jokhu ya fito tas, har da yankan da aska ta yi masa a ka. Kawu ya fito da dukkan gashin bakinsa. Daga ƙirjinsu zuwa ƙasa kuwa baƙi ƙirin. Hannun Jokhu ya gangara cikin duhun ya ɓace a wuyan hannu.

"Sake wankewa, guru," in ji Bechan. A Banaras kowa guru ne, har wanda ake zagi.

"Fim ba riga ba ne."

"To ƙara masa magani. Kai ba ka yi jami'a ba?"

"Jami'a ba ta koya mini fito da abin da haske bai taɓa ba. Buɗe ta mu gani."

Muka buɗe bayan, muka ɗaga ta ga ƙofa, ya danna. Labulen ya taso, ya kai rabi, ya tsaya a inda sandal ya bushe ya kumbura shi, kamar ma'aikacin gwamnati bayan abincin rana. Ƙarar kuwa daidai.

Bechan ya fita da gudu zuwa bakin kogi. Ban san me yake zaton zai tarar ba. Ya dawo yana tari, ya ce an riga an ƙone tsohon an kwashe, masu kula da wuta na tace tokar cikin ruwa ko za a dace da zobe, kuma gawar wata tsohuwa ce yanzu a kan dandamalin.

Na ba shi shawarar da ilimina ya kai, wato ya tafi gidan surukansa a Mirzapur sai baƙin sun gaji sun tafi. Ya zauna a kan bokiti ya riƙe kai.

"Ni ne na ce wa yaron ya saki haɓar, an gama," ya ce. "Ni na ce su ɗauka."

Washegari da safe Jokhu ya zo da akwatin ƙarfen ubansa a ka. Kawu yana tasha yana jiransa. Ya sauke akwatin a bakin ƙofa, Bechan ya miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo. Ya juya ta baya, ya juyo.

"Ina Babuji? Ina babana?"

Bechan ya ɗora yatsa a kan baƙin. Sannan ya shiga bayani, labule, sandal, damina, matarsa, Rasha. Ban taɓa jin mutum ya yi bayanin cikin kyamara dalla-dalla haka ga wanda bai tambaya ba. Daga ƙarshe ya ce, "Mare ni, ƙanena. Wallahi ba zan ɗaga hannu ba."

"In na mare ka me zan kai wa Amma? Kuncinka?"

Mai shayi yana ta ƙwanƙwasa tukunya a bayan bango. Idon Jokhu ya zagaya ɗakin, ya sauka a kan wani kwalin takalmi da ke kan kanta, cike da hotuna har murfin ba ya rufuwa.

"Waɗancan fa?"

"Waɗanda ba a dawo an karɓa ba," na ce. Suna da yawa. Mutane kan yi kuka a bakin wuta su rantse sai da hoto, kafin gari ya waye jirgi ya kira su, ko kuma su tuna yadda mamacin yake da gaske.

Ya ɗauko kwalin ba tare da ya nemi izini ba, ya zauna a kan akwatin ubansa, ya fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Mata ya ajiye gefe. Yara ya kifa su.

"Wannan ya yi ƙiba. Amma ta san masaƙa ba ta sa mutum ƙiba." Ya wuce. "Wannan ba gashin baki."

"Kai, ƙanena," in ji Bechan, "wannan ba daidai ba ne."

"Daidai ɗin yana ina? Nuna mini shi in ɗauka."

Can sai na ga Bechan ya durƙusa gefensa yana taya shi, da farko kamar mai taɓa garwashi, daga baya kuma sana'a ta motsa, ya fara cewa wannan kunnen bai yi ba, wancan ya cika fari. Shi ne ma ya zaro wani ya ce, "Ga shi! Rantsuwa zan yi. Dubi goshin, dubi yadda ya haɗe gira."

Jokhu ya karɓa.

"Shi ne," ya ce. "Har ɗaure fuskar." Ya mayar da shi cikin kwalin, can ƙasa.

Wanda ya zaɓa daga ƙarshe wani siririn tsoho ne mai furfurar gashin baki, wanda danginsa ba su riƙe haɓarsa da kyau ba, bakin ya ɗan saki ta gefe guda har ya yi kamar murmushi. Ya kai shekara biyu a kwalin.

"Bai yi kama da shi sosai ba," in ji Bechan.

"Wanda ya tafi ta sani, ba ta san wanda ya dawo ba. Idonta ma ya yi rauni." Ya hure ƙurar da ke kan takardar. "Wannan ko a bango aka rataye shi ba zai yi mata tsawa ba."

"Kawunka fa? Shi ai ya san fuskar."

"Kawu Kanpur zai koma. Shi ma tasa matar na can ƙauye tana share ɗaki."

Na nemo nagetif ɗin, na ƙara girman fuskar, na yanke dangin mutumin da ke tsaye a kansa. Abu ɗaya ya ƙi yankuwa: wasu yatsu a ƙarƙashin haɓar, na wani ɗa da ban san sunansa ba. Na ce zan iya duhunta wurin.

"Bar su," in ji Jokhu. "Zan ce nawa ne."

Ya jira takardar ta bushe, ya naɗe ta cikin rigar ubansa, ya sa a akwati, ya ɗora a ka. Bai yi mana godiya ba, bai kuma zage mu ba. Bechan ya bi shi har bakin lungu yana cewa a gaida Amma, sannan ya ji abin da ya faɗa, ya juyo ya dawo.

Kyamarar ta yi wata guda a wurin mai gyara, aka sa mata labulen da aka ciro daga wata da ta mutu. Har yau Kalawati na cewa abin da ya faru sakamakon fitar da kayan aiki ne a ranar hutunsu, Bechan na cewa sakamakon ruwa da sandal ne, kuma duk shekara tana yi wa kyamarar addu'a daga nesa, ta cikin kabad a kulle. Rabin hoton Lalta Mahato kuwa Jokhu a kan kanta ya bar shi. Na jefa shi cikin kwalin, a gurbin da tsohon nan ya bari.