Gwazar Inna

Da ban karye ba, wallahi da ban bar Yaya ya kusanci bayan ɗakina da fartanya ba. Amma ganyen gwazar ya yi rawaya ya kwanta, lokacin tono ya yi, ni kuma ina kan gado an naɗe min ƙafa har gwiwa.

Gwaza iri biyu ce, Yaya kuwa ɗaya ya sani. Tasa babba ce mai ƙaton kai guda, a bakin ruwa yake noma ta, ya ciro kan ya watsar da sauran tarkacen. Tawa ƙarama ce. Kanta bai fi dunƙulen hannu ba, amfaninta yana jikin 'ya'yan da ke manne da shi, ƙanana masu gashi, kamar ƙwan kaza. Su ake ci, su ake ajiyewa iri. Inna ce ta ba ni irin kafin ta rasu, duk gidan hayar da na koma sai na nemi ɗan fili na binne shi. Duk danginmu babu mai shi sai ni.

Na fara yi wa Yaya wannan bayani, ya ɗaga min hannu.

"Ke da kike fama da keken ɗinki za ki koya min gwaza? Tun kina goye nake tonon ta."

Haka yake. Magana ba ta shiga kunnensa sai in shi ya yi ta. Ta taga ina jin saran fartanya da tsakinsa. Na yi ta kira, maƙwabci ya tayar da injin niƙa, daga baya maganin da na sha ya kwantar da ni.

Da la'asar ya shigo ɗauke da kular abinci, fuskarsa irin ta mai zuwa jaje.

"Sai haƙuri, ƙanwata, gwazarki ba ta yi ba. Duk ƙarfin ya tafi a 'ya'ya. Rashin ruwa ne, ai na sha gaya miki."

"Ina 'ya'yan, Yaya?"

"Na share miki wurin tas. Na ma ci sa'a motar shara tana ƙofar gida."

Raina ya ɓaci har na manta da ƙafar, na yunƙura, zafi ya mayar da ni. Na danne zuciyata, don ko kan gwazar aka binne yana iya tohowa.

"To kawunan fa? Ko guda ɗaya ka ajiye min."

Ya yi murmushi ya buɗe kular. Ga su nan duka, an feraye su, an dafa. Mutumin da ko ruwan zafi matarsa ke dafa masa, yau ya tsuguna a madafina ya yi girki don ina jinya, har ya yanke a yatsa.

"Baɗi zan kawo miki iri na gaske," ya ce. "Wannan wa ma ya haɗa ki da shi?"

Na dube shi. Da gaske yake tambaya. Duk shekarun da Inna ta yi tana tsugunno a bayan ɗaki, bai taɓa leƙawa ya ga abin da take shukawa ba.

"Na Inna ne," na ce.

Ya daɗe riƙe da murfin kular. Sannan ya ajiye shi a gefen gadon ya fita da sauri, ko takalmi bai tsaya sakawa ba. Ina jinsa a titi yana tambayar mutane ta ina motar shara ta bi.