Tsuntsun Rauf Ya Kama Aiki

Rauf mutumin unguwar Nima ne, yana sayar da fitilun mota a kasuwar Abossey Okai. A ƙofar shagonsa akwai keji da ɗan tsuntsu ruwan ƙasa mai jan ido, wanda ya faɗo cikin kwalin kaya wata damina ya ƙi tafiya.

Wata rana wata mata ta zo neman fitilar baya. Sunanta Dakta Salwa, ita ke kula da sashen tsuntsaye a wani gidan adana kayan tarihi. Tana ganin kejin ta manta da fitila.

A tsaye ta yi masa bayani. Kowane jinsin tsuntsu yana da guda ɗaya da aka busar aka ajiye a durowa, shi ne na asali, da shi ake gwada sauran kafin a ce sunansu kaza. Na wannan jinsin ƙwari sun cinye shi, baki da ƙafa ɗaya suka rage. Suna neman wanda zai maye gurbinsa.

"Busar da shi za ku yi?" in ji Rauf.

"Haka ake yi."

"Hajiya, tare muke shan koko da shi fa."

Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka shirya: tsuntsu zai riƙe muƙamin da ransa. Kullum da safe Rauf ya rufe keji da zanen matarsa Latifatu, ya hau motar haya, wato trotro, ya kai shi aiki, bayan la'asar ya ɗauko shi. Tunda kuwa ma'aikaci ne yanzu, Rauf ya ga bai dace ya ci gaba da cin gero ba. Ya koma ba shi ƙosai da waakye, wato shinkafa da wake, ran Juma'a har da ƙwai.

Kafin azumi tsuntsu ya yi tumbi, wuyansa ya ɓace. Aka kawo 'yan'uwansa daga daji aka gwada, ko ɗaya bai yi kama da shi ba. Na asali kuma ba ya kuskure, haka ƙa'idar take. Sai aka yanke cewa na dajin wani jinsi ne dabam, Dakta Salwa ta raɗa musu sunan mahaifiyarta, Hajiya Husseina ta unguwar Maamobi. Tsohuwa ta yi walima, ta ɗinka anko mai hoton tsuntsu.

Na Rauf ya zama shi kaɗai ne irinsa a duniya, don haka aka ba shi mai gadi, wani dogo mai suna Imurana. Yana bin su a trotro, yana wuni a bencin ƙofar ɗakinsu ranar hutu, Latifatu ce ke ciyar da shi. Da ta gaji, ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta dai ɓoye ƙosai, ta mayar da tsuntsu kan gero da ruwa. Rauf ya ji zafin abin, amma shi ma ita ke zuba masa abinci, sai ya haƙura.

Tsuntsu ya rame, wuya ya dawo. Aka sake gwadawa, ya yi daidai da na daji. Jinsi ɗaya ne ashe da sunaye biyu, kuma na farko shi ake bari. Sunan Hajiya Husseina ya faɗi ke nan.

Rauf ya ga da hannun gidansa a ciki, ya ja Latifatu suka raka Dakta Salwa Maamobi. Suka tarar da tsohuwa a tsakar gida sanye da ankon.

"To yanzu ni mece ce?" ta tambayi 'yarta.

"Sunanki yana nan a rubuce, Mma. Ba a dai kiran tsuntsun da shi."

Tsohuwa ta kalli zanenta.

"Ni ma tun da na haife ki ba wanda ya kira ni Husseina," ta ce. "Ku wanke hannu, akwai tuwo."